Me ya sa maganin feshi ba ya zama a jikin lawashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman albasa na rani a yankin Kura. Duk sanda na yi feshi sai in ga maganin yana dunƙulewa yana gangarewa ƙasa, lawashin a bushe kamar ba a taɓa shi ba. Tumatirin da ke gefe kuwa, magani ɗaya famfo ɗaya, ganyensa kan jiƙe sarai. Maganin ne jabu, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa mai shago laifi, abin da ka gani halin ruwa ne da halin lawashi.

Idan ɗigo ya faɗa kan abu, yakan baje kamar faifai, sannan ya sake tattaro kansa, domin ruwa yana da wani riƙo a fatarsa da ke son mayar da shi dunƙule. A kan ganyen tumatir, wanda ke kwance kuma ba shi da santsi sosai, ɗigon kan baje ya tsaya a nan. Lawashi kuwa a lulluɓe yake da kaki. Murza shi da yatsa, za ka ga farin nan mai kama da ƙura ya goge, kore mai sheƙi ya fito. Wannan kakin ba ya shiri da ruwa, sai ɗigon ya tattaro kansa da ƙarfi har ya yi tsalle ya bar wurin. Haka ganyen kabeji yake, na gwaza ma ya fi su.

Sai kuma tsayuwar ganyen. Ɗigon da ya sauko daga sama ya sami shimfiɗaɗɗen ganye, duk ƙarfinsa a kan ganyen yake ƙarewa. Idan ganyen a tsaye yake kamar lawashi, gogarsa kawai ɗigon yake yi, mafi yawan gudunsa yana bin tsawon ganyen zuwa ƙasa. Maimakon ya baje kamar faifai, sai ya miƙe, gabansa ya yi tudu, bayansa ya ja wutsiya. Abin da zai tsayar da shi kaɗai shi ne riƙon da gefensa ya yi wa ganyen, nauyinsa kuma yana jan sa ƙasa.

A nan girman ɗigo ya shigo, kuma a nan yawancin masu feshi ke yin asara. Idan faɗin ɗigo ya ninka sau biyu, riƙonsa sau biyu kawai yake ƙaruwa, amma nauyinsa sau takwas. Shi ya sa manyan ɗigo ba sa zama a gangare. Ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ruwan da ke cikin ɗigo ɗaya mai maikiron 400 zai ba da takwas masu 200, waɗanda za su taɓa wuri takwas kuma su tsaya. Sai dai ba a wuce gona da iri: waɗanda suka gaza maikiron 100 iska ke kwashe su, a busasshiyar iskar hunturu ma wasu kan ƙafe kafin su kai ga ganye.

To, duba bakin famfonka. Da yawa suna amfani da wanda suka yi feshin ciyawa da shi, mai watso ruwa a baje da manyan ɗigo. An yi shi ne don magani ya sauka ƙasa kada iska ta kai shi gonar maƙwabci, bai dace da albasa ba. Nemi bakin da ke fitar da feshi a zagaye kamar mazurari, ka riƙa buga hannun famfon a kai a kai. Da zarar ƙarfin ya ragu, ɗigo kan yi girma. Bakin da aka sha sokawa da allura ko waya shi ma ya tashi aiki, ramin ya buɗe. In ya toshe a wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ba a hura shi da baki.

Riƙe sandar kamar santimita 40 zuwa 50 daga ganye, ka ɗan karkata ta yadda feshin zai bugi lawashin daga gefe, ba daga sama ba. Tunda ganyen a tsaye yake, ta gefe ne ɗigo zai same shi gaba da gaba. Kuma kada ka tsaya wuri ɗaya kana jira ka ga ya jiƙe sharkaf. Ƙananan ɗigon da suka zauna, in aka ƙara musu wasu, haɗewa suke su zama babba ɗaya, ya gangara ya kwashe na ƙasa da shi. Dalilin ke nan da ba a feshi a kan raɓa: jira ta sha iska, ko ka bari sai la'asar sakaliya idan iska ta kwanta.

Akwai ruwan da masu shagon maganin gona ke kira sitika. Aikinsa rage wannan riƙon na fatar ruwa, ɗigo ya baje ya kasa tattaro kansa. A albasa da kabeji yana da amfani ƙwarai. Bi awon da ke jikin robar. Nau'o'i da yawa kusan mililita ɗaya ne a kowace lita, wato 16 a famfo mai lita 16, wasu kuma ƙasa da haka nesa. Zuba shi a ƙarshe, bayan maganin ya gauraya, don kada kumfa ta cika tankin. In ya yi yawa ruwan kan yi laushi fiye da kima ya zube, yana kuma iya ƙona ganye. Omo da wasu ke zubawa ban goyi bayansa ba: yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke lalata wasu magungunan ƙwari tun suna cikin tanki.

Wuri ɗaya ne gangarowar take da amfani. Ƙananan ƙwarin nan da ke tsotsar lawashi har ya yi fari-fari, a wuyan albasa suke ɓuya, inda sababbin ganye ke fitowa. In su kake nema, saita feshin ya shiga wannan matsatsin. Kafin ka haɗa magani, gwada da ruwa zalla da sitika a kan layi ɗaya, ka tsuguna ka duba: ƙananan ɗigo birjik a jikin lawashi ake so, ba jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindinsa ba.