Amsa ga Hajiya kan hoton fadar Cinderella da faɗuwar rana

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Kin ce a watan Yuli za ku je Orlando ta jihar Florida a Amurka da yara, kina son hoton fadar Cinderella ta Magic Kingdom, wurin shaƙatawar nan na kamfanin Disney, da jan sararin yamma a bayanta, kuma abin da kike da shi waya ce da wata ƙaramar kyamara, shin sai kin sayi babba? Ki bar kuɗinki a jaka. Na daɗe ina ɗaukar hoto, na kuma yi yammaci a wurin nan da rani da hunturu, kuma abin da ke raba hoto mai kyau da maras kyau a can shi ne inda mutum ya tsaya da lokacin da ya danna.

Abu na farko da ya kamata ki sani, fadar nan kudu take fuskanta. Babban titin da ake shiga ta kansa, wato Main Street, daga kudu ya miƙe zuwa arewa, fadar na can ƙarshensa. Ke nan duk wanda ya tsaya a titin yana kallon fadar, arewa yake kallo, rana kuwa ta hannun hagunsa za ta faɗi, can bayan gine-gine. Shi ya sa za ki ga mutane sun yi cirko-cirko a tsakiyar titi suna jiran rana ta sauka bayan hasumiyoyin, har duhu ya yi ba ta sauka ba. Ba za ta taɓa sauka a nan ba.

Sai kuma batun wata. Orlando tana wajen digiri 28 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa 12, don haka tafiyar rana a can ta fi tamu karkata. A Disamba kudu maso yamma take faɗuwa, wajen ƙarfe biyar da rabi, haskenta na la'asar sakaliya kan zo a kaikaice ya kwanta a fuskar fadar, adon zinariyar nan ya yi ta walƙiya. A Yuli labari ya sha bamban. Rana kan kai kusan takwas da minti ashirin da biyar na dare kafin ta faɗi, kuma arewa maso yamma take gangarawa. Tun kafin ta faɗi ta riga ta zagaya bayan ginin, fuskar fadar ta shiga inuwa. Idan kin tsaya a gaba a wannan lokaci, sama fari fat za ki samu, gini kuma dushi-dushi. Ba laifin wayarki ba ne.

Ga inda ni nake tsayawa da rani. Idan kin ƙure Main Street kin iso da'irar da ke gaban fada, inda mutum-mutumin Walt Disney yake riƙe da hannun Mickey Mouse, ki karya dama ki nufi gadar da ke shiga Tomorrowland, ɓangaren gabas na wurin. Ki hau gadar ki juyo. Yanzu fadar tana arewa maso yammacinki, daidai ɓangaren da ranar Yuli ke faɗuwa, ga ruwan da ya kewaye wurin a ƙasa yana maido da launin sama. Mafi yawan hotunan da suka burge ki daga wannan gefen aka ɗauke su. Ki ɗan yi gaba, ki ɗan yi baya a kan gadar har sai rana ta ɓuya bayan ɗaya daga cikin hasumiyoyin ko bayan bishiya, don kada ta doki idon kyamara kai tsaye. In kuwa so kike ginin da kansa ya sha haske, launinsa ya fito, to kishiyar nan za ki bi: gadar Liberty Square ta yamma. A can rana tana bayanki, gefen fadar ya yi ja-ja, sai dai sararin da ke bayanta ba zai yi zafin launi kamar na ɗaya gadar ba. Dole ki zaɓi ɗaya, domin ratsa taron da ke tsakaninsu a wannan lokaci aiki ne. Ni Tomorrowland nake zaɓa.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Kada ki tafi da zarar rana ta faɗi. Mutane da yawa suna ganin ƙwallon ranar ya ɓace sai su mayar da waya aljihu, alhali a lokacin ne aikin ke farawa. Muddin rana tana sama, haskenta ya fi ƙarfin komai, kyamara ba ta iya haɗa sama da gini a hoto ɗaya: ko sama ta ƙone, ko gini ya yi baƙi. Bayan ta faɗi da kamar minti goma zuwa ashirin, shafaƙi ya bazu a gizagizai, sama ta fara komawa shuɗi mai zurfi, an kuma kunna fitilun da ke haska fadar. A ɗan wannan tsakanin hasken fitilu da na sama sukan zo daidai wa daida, sai komai ya fito a hoto guda ba tare da dabara ba. Ba ya daɗewa. Almurun can bai fi namu tsawo da wani abin kirki ba, cikin kamar rabin sa'a duhu ya fara shiga. Don sanin lokaci ba sai kin nemi wata manhaja ba, ta lokutan salla da ke wayarki ta isa: ki sa ta a Orlando, lokacin magariba shi ne lokacin faɗuwar rana. Ki kasance a gadar minti arba'in kafin nan, ki kuma tsara yadda za ku yi da sallarku tun da wuri.

Dalilin da ya sa na ce ki je da wuri shi ne wasan wuta. Ana yin sa bayan duhu, amma jama'a kan fara kama wuri a gaban fada sa'a guda ko fiye kafin a fara, wato da rani daidai lokacin da kike son hotonki. Da'irar nan takan cika kamar Kantin Kwari ranar jajibirin salla. Gadojin sun fi sauƙi, amma su ma hanyar wucewa ce, ma'aikata ba sa barin a tare ta. Ki maƙale jikin ƙarfen gefe.

A waya, ki taɓa sama a fuskar wayar kusa da inda ya fi haske, ki danne yatsa har ta kulle, sannan ki ja hasken ƙasa kaɗan. Waya ba ta son duhu, kullum ƙoƙarinta ta mayar da magariba azahar, a nan take wanke jan da kika zo nema. Ki guji idon kyamarar waya mai faɗi, wanda aka rubuta wa 0.5. Tsayin fadar ƙafa 189 ne, kusan mita 58, kuma masu ginin, da aka buɗe a 1971, sun ƙanƙance tagogi da zanen duwatsun sama da gangan don ido ya ga ta fi haka tsawo. Ido mai faɗi yana rusa wannan dabara, sai ki ga fadar ta zama 'yar mitsitsiya, hasumiyoyin suna kwantawa baya. Ki ja da baya ki zuƙo da 2 ko 3, ginin zai cika hoton ya tsaya cak.

A kyamarar kuwa, kafin rana ta faɗi ki sa buɗin idonta a f/8, ISO (ƙarfin kama haske) kuma 100 ko 200, ki rage haske da mataki ɗaya ko ƙasa da haka. Ki cire daidaita launi daga kan na kai-da-kai ki mayar kan alamar gajimare, in ba haka ba za ta sanyaya jan. In tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto mai sauƙin gyara daga baya, ki kunna. Bayan faɗuwar rana hannu zai fara rawa a hoto, sai ko dai ki ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ko ki dasa kyamarar a kan wani abu ki sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka. Kwandunan sharar wurin masu ƙarfi ne, sun daɗe suna yi wa masu hoto wannan hidima. Sandar hoton ɗauki-kanka dai an hana shiga da ita tun 2015, jirgi maras matuƙi kuma kada ma ki sa shi a kaya. Mazaunin kyamara mai ƙafa uku ana bari in zai shige jakar goyo, amma da yara da wannan cunkoso wahala ce kawai.

Akwai abin da ba za ki cika ji daga bakin masu koyar da hoto na can ba: fatarmu. Idan kika tsayar da yara a gadar Tomorrowland jan sama na bayansu, kika kuma rage haske don sama ta fito, fuskokinsu za su ɓace, sai haƙora da fararen kaya. Mafita biyu ce. Ko ki kunna filasha duk da gari bai yi duhu ba, su matso kamar taku biyu ko uku daga gare ki, don filashar waya ba ta kai nesa. Ko kuma, wanda na fi so, ki raba aikin: ki ɗauki hoton iyali tun da sauran rana a gefen Liberty Square, suna fuskantar yamma, hasken nan mai laushi na kwance a fuskokinsu, fada na bayansu. Babu hasken da ke fito da baƙar fata kamarsa. Sannan ku tsallaka tun kafin wuri ya cushe, ki ɗauki fadar ita kaɗai da shafaƙi. Yara ma ba za su tsaya miki minti arba'in a kan gada ba, a saya musu abin lasa su zauna kusa.

Yuli damina ce a Florida, kusan kullum da la'asar sai hadari ya haɗo da tsawa. Kada ki karaya. Sau da yawa ruwan kan ɗauke kafin magariba, ya bar ɓarɓashin gizagizai, kuma su ne ke kama launi. Sama wankakkiya ba ta ba da komai sai ɗan rawaya a gindinta. Ƙasa ma ta jiƙe tana maido da fitilu. Wani abin da zai ba ki dariya, a Yuni da Yuli iska kan ɗebo ƙurar Sahara ta tsallaka da ita tekun Atlantika har Florida, masu hasashen yanayi na can su yi ta shela cewa za a ga jan yamma. In 'yar kaɗan ce takan ƙara ja, in ta yi kauri kuwa sai rana ta dushe tun ba ta kai ƙasa ba, yadda muka saba gani da hazo. Ki kula da raɓa kuma: in kin fito daga wuri mai na'urar sanyaya ɗaki, gilashin kyamara kan yi gumi nan take saboda laimar iska. Ki ba ta 'yan mintuna a waje, ki riƙe ƙyalle mai laushi.

In tafiyar ta zame zuwa Agusta ko bayanta, ki duba jadawalin ranar kafin ki sayi tikiti. Daga Agusta zuwa Disamba akwai ranakun da ake rufe wa masu tikitin yini wurin da ƙarfe shida na yamma saboda bukukuwan dare masu tikiti na daban, kuma a Agusta da Satumba ƙarfe shida rana tana nan daram a sama.