Jami'o'i Biyu Sun Ba Ni Gurbi a Kimiyyar Halittu, Wacce Zan Karɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Jami'o'i biyu sun ba ni gurbin karatu. Ta farko shahararriya ce, ta ba ni ilimin halittu. Ta biyu ba ta kai ta suna ba, amma ta ba ni bayokemistri (ilimin sinadaran jikin halittu) haɗe da shekara guda ta koyon aiki. Iyayena sun fi karkata ga mai sunan, ni kuma burina aikin bincike a ɗakin gwaji. Wacce zan ɗauka? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah Ya sanya albarka. Ki ɗan ajiye sunayen jami'o'in tukuna. Jadawalin martabar jami'o'i irin na QS da Times Higher Education ya fi auna binciken malamai da yawan ambaton rubuce-rubucensu. Ba ya nuna awa nawa ɗalibar aji biyu ke yi da na'ura a hannunta, alhali wannan shi ne abin da ya shafe ki.

Ki nemi jerin darussan kowane sashe, shekara bi shekara, ki ƙirga awannin ɗakin gwaji a mako. Daga nan ki tambaya: mutum nawa ke haɗuwa a tebur ɗaya? Idan biyu ne, madalla. Idan shida ne, to ɗaya ke aiki, biyar na kallo. Wannan fanni da hannu ake koyonsa. Ɗauki gwajin PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 don ninka DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. A takarda abu ne mai sauƙi: a ɗumama zuwa kusan digiri 95 a ma'aunin Celsius don igiyoyi biyun da suka haɗu suka yi DNA su rabu, a sauke zuwa tsakanin 50 da 65, a ɗaga zuwa 72, a maimaita sau 25 zuwa 35. Amma ruwan da za ki zuba maikrolita ɗaya ne ko biyu, maikrolita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita, ɗigon da da ƙyar ido ke ganinsa a bakin fifet, wato abin ɗiban ruwa ɗan kaɗan a ɗakin gwaji. Kumfar iska ta shiga, ko ki manta ki sauya bakin fifet tsakanin samfur da samfur, sakamako ya lalace, ki wuni kina neman dalili. Sai an ɓata an sake sau da yawa hannu ke faɗawa. Haka noman bakteriya yake: an dafa kayan aiki a digiri 121 na minti 15 don kashe ƙwayoyin cuta, amma ki bar murfin faranti a buɗe ki juya baya, gobe ki tarar da abin da ba ki shuka ba.

Abu na biyu shi ne furojet na shekarar ƙarshe. Wasu sassan suna ba kowane ɗalibi makonni a ɗakin binciken malami, wasu kuma guraben ba sa isa, sai saura su koma bitar rubuce-rubucen wasu. Ki tambayi yadda ake rabon, ki kuma duba abin da malaman sashen ke bincike a kai. Idan ƙwayoyin gado ke ranki alhali malaman sun fi ƙarfi a ilimin muhalli, wa zai duba aikinki? Malamin nan shi ne zai rubuta miki takardar shaida lokacin neman digiri na biyu.

Kar ki tsallake darasin lissafi da ƙididdiga. Tun da aka kammala aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003, bayanai suka yi yawan da ba sa nazartuwa sai da kwamfuta. Sashen da ke koyar da harsunan kwamfuta irin su R ko Python ya ba ki jari babba.

Game da shekarar koyon aiki, ki tabbatar ko jami'ar ce ke nema miki wuri ko ke za ki nema, kuma ɗalibai nawa suka samu a bara. A ganina, idan amsar ta gamsar, ta biyun ta fi dacewa da burinki. Sharaɗi ɗaya: bayokemistri cike yake da kemistri, musamman na sinadaran kabon. In kin san kemistri na ba ki wuya, ilimin halittu ya fi faɗi, kuma sassa da dama na barin ɗalibi ya sauya reshe bayan shekarar farko. Ki zauna da iyayenki da takardun nan a gabanku, ki nuna musu cikin ladabi.

TAMBAYA: Malam, an ba ni kwas ɗin kimiyyar gwaje-gwajen lafiya. Da na gama zan iya aiki a ɗakin gwajin asibiti? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, ya danganta da ko hukumar da ke ba da lasisi a ƙasar da za ka yi aiki ta amince da wannan kwas a wannan jami'a. A Birtaniya, misali, ba ka zama ma'aikacin gwajin asibiti sai ka yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista, hanyar da aka fi bi kuwa ita ce digirin da IBMS, ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni, ta amince da shi tare da kundin horo a ɗakin gwajin da aka yarda da shi. Kwasa-kwasai biyu kan zo da suna ɗaya, ɗaya na da amincewar, ɗaya babu, wanda ya yi na biyun sai ya ƙaro darussa daga baya. Ka duba jerin hukumar da kanka, kar ka tsaya ga tallar jami'a. Ka kuma sani wannan ba digirin likita ba ne. Mai son likitanci sai ya sake neman gurbi.

TAMBAYA: Duka guraben da na samu da sharaɗin sakamakon jarrabawa ne. Yaya zan jera su?

AMSA: Inda tsari ya ba da damar zaɓi na farko da na ko-ta-kwana, kamar UCAS, tsarin neman gurbin jami'a a Birtaniya, na biyun ya zama mai sharaɗi mafi sauƙi, kuma wurin da za ka yarda ka zauna shekara uku ko huɗu. Ka karanta sharaɗin da kyau, domin wani ba jimillar maki kaɗai yake nema ba, yana ƙayyade makin kemistri ko na lissafi daban. Ka rubuta ranar ƙarshe ta ba da amsa, don in ta wuce gurbin na iya kuɓucewa.