Tambaya da Amsa: Na gama karatun hidimar jama'a, zan iya cin gashin kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin hidimar jama'a, wato khidma ijtima'iyya, a Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka, kuma ina da katin ɗan ƙasa na Saudiyya. Shekara ta zagayo ban samu gurbi a asibiti ko makaranta ba, alhali kullum matan unguwa suna sallama da matsalolin aure da na 'ya'ya, ina sauraronsu kyauta. Zan iya mayar da wannan sana'a in riƙa karɓar kuɗi? Ta ina zan fara?
Daga mai karatu, Shara Mansur, Makka

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Za ki iya, amma takardar digiri shaidar karatu ce kawai, izinin aiki daban yake. Kafin ki karɓi riyal ɗaya, ki tsai da wace ƙofa za ki shiga, domin biyu ce. Idan aikinki zai shafi marasa lafiya, a asibiti ko cibiyar kula da masu taɓin hankali ko masu shaye-shaye, hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya ce za ta ba ki matsayi ta kuma yi miki rajista, ta shafinta na Mumaris Plus. Idan kuwa nasihar iyali ce, irin wadda kike yi yanzu, to lasisinki yana hannun Ma'aikatar Albarkatun Ɗan'adam da Ci Gaban Al'umma, ita ce ke ba cibiyoyin nasihar iyali, wato irshad usari, izini. Ki karanta sharuɗɗanta na yanzu a shafinta da idonki, kada ki dogara da abin da ƙawa ta ji shekara uku da suka wuce.

Sai takardar aikin kai, wasiƙatul amalil hurr. Ana neman ta ta intanet da asusunki na Absher, shafin hidimomin gwamnati, ba a biyan komai, tana aiki shekara guda a sabunta. Amfaninta shi ne ki buɗe asusun banki na sana'a, ki rubuta rasit, ki ƙulla yarjejeniya da sunanki. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗaukar ta a matsayin lasisi. Ba ta maye gurbinsa.

Ba za mu ba ki shawarar kama hayar ofis a shekarar farko ba. Haya da kayan ɗaki da rajistar kasuwanci za su cinye ki kafin mutane su san da ke. Ki nemi cibiya mai lasisi ki riƙa zama awoyi a cikinta ana raba kuɗin, ki kuma tuntuɓi ƙungiyoyin agaji, domin suna buƙatar mai zuwa gidaje ta binciki halin masu neman taimako ta rubuta rahoto. Aiki ne mai gajiya, amma shi ke koya wa mutum rubutun rahoto mai tsabta. Duk yarjejeniyar da za ki shiga ta faɗi kason kowa, ranar biya, da wanda fayil ɗin mutane zai zauna a hannunsa in kun rabu. Wannan na ƙarshen shi ke haddasa rigima.

Wajen sa farashi, ki fara lissafi daga ƙarshe. A ce kina son riyal 6,000 ya shigo hannunki a wata, cibiya kuma tana ɗaukar kashi 40 cikin 100. Kenan sai an tara riyal 10,000. Idan zama ɗaya riyal 200 ne, zama 50 kike bukata a wata, wajen 12 ko 13 a mako. Kowane zama na minti 45 zuwa 50 yana jan wasu minti 15 na rubutu, kuma cikin waɗanda suka yi alkawari akwai waɗanda ba za su zo ba. Maganin wannan a biya kafin a zo, a kuma sanar da fasawa kwana guda kafin lokaci. Ki ajiye wani abu saboda azumi da lokacin Hajji, sa'ad da mutanen Makka ke can wajen hidimar baƙi. Harajin kashi 15 da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka bai zama dole a kanki ba sai cinikin shekara ya haura riyal 375,000, amma ki riƙa adana rasit tun ranar farko.

Yanzu ga inda aikin yake da nauyi. Hausarki jari ce. Dattijuwar da ba ta iya bayyana ciwon zuciyarta da Larabci za ta zazzage miki shi da Hausa, kuma ba sai an yi miki bayanin kishiya ko uwar miji ko kunyar ɗan fari ba. To amma wadda ta faɗa miki sirrinta da safe, da ita za ku haɗu a gidan suna da yamma. Saboda haka 'yan'uwa na jini, surukai da maƙwabtan da kuke musayar kwano, ki tura su wajen wata. Matar da kika saurara, kada ki karɓi kishiyarta. Ki ware lambar waya ta aiki mai lokacin buɗewa da rufewa, in ba haka ba saƙon murya na WhatsApp zai riƙa tashinki ƙarfe biyun dare. Bayanan mutane su zauna a kwamfuta mai kalmar sirri ko kabad mai makulli, ban da wayar da yara ke wasa da ita. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun 2023.

Riƙon sirri yana da iyaka, kuma a zaman farko ake faɗin ta, a rubuce, a sa hannu. Dokar kariya daga cutarwa ta 2013 ta wajabta kai rahoto idan kika ga ana cin zarafin wani. Lambar wayar kai rahoton ita ce 1919, ta yara kuma 116111. Za a roƙe ki da Allah da Annabi ki rufa asiri a sasanta a cikin gida. Idan akwai duka ko yaro cikin haɗari kika yi shiru, lasisinki da ran wani kike sawa a caca. Haka nan ba aikinki ba ne ki ce wa mutum ga cutar da ke damunsa ko ya daina shan magani. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko yake jin muryoyi, a ranar za ki haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ko da dangi sun ce iska ce. Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti. Tambayar ko saki ya auku kuma ta malamai da kotu ce.

Tambaya: Ni iƙama gare ni, wato takardar izinin zama ta baƙo, a Nijeriya na yi digirin. Wani abokina ɗan ƙasa ya ce zai buɗe cibiya da sunansa, ni in sa kuɗi in gudanar. Yaya kuka gani?
Daga mai karatu, Jidda

Amsa: Malam, ka janye. Wannan shi ne tasattur, wato baƙo ya fake da sunan ɗan ƙasa yana kasuwanci, kuma dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 5, ga kora daga ƙasa ga baƙo. Ranar da kuka ɓata kuma, komai da sunansa yake. Takardar aikin kai ta 'yan ƙasa ce, sashe na 39 na dokar ƙwadago kuma ya hana mai iƙama yin aiki don kansa. Hanyar da ta rage ita ce cibiya mai lasisi ta ɗauke ka aiki da kwantiragi a Qiwa, shafin gwamnati na rajistar kwantiragin aiki, sana'ar da ke kan iƙamarka ta dace da aikin. In ɓangaren lafiya ne, sai DataFlow, kamfanin tantance takardun karatu, ya tabbatar da digirinka daga jami'ar da ta ba ka, don haka ka fara neman takardar sakamakonka tun yanzu, ka kuma duba cewa rubutun sunanka a digiri da fasfo iri ɗaya ne, domin bambancin harafi guda yana tsayar da fayil. Ka sani kuma 'yan ƙasa ake fifitawa a guraben wannan fanni.