Me ya sa za a ƙara tsaga idon mahaifiyata lokacin cire yana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata mai shekara 67 tana da yana a idon dama, kuma an sa ranar da za a yi mata aiki. Da aka auna idon, likitanta ya ce tana da wata matsala mai suna astigmatizim, kuma zai yi ƙananan tsagu a gefen idon domin ya gyara ta a lokaci guda. Shin wannan ba ƙarin haɗari ba ne, kuma za ta rabu da tabarau bayan aikin?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Mama lafiya. Yanar ido da astigmatizim ba wuri ɗaya suke ba. Yanar tana shafar madubin da ke can cikin ido, astigmatizim kuwa yawanci daga koniya yake tasowa, wato fatar nan mai haske kamar gilashi wadda ta rufe baƙin ido. Koniya lafiyayya tana da doro iri ɗaya ta kowane ɓangare kamar ƙwallo, amma ta mai astigmatizim ta fi lanƙwasa ta gefe ɗaya kamar bayan cokali, shi ya sa haske ba ya taruwa wuri guda, sai abu na nesa da na kusa duk su yi dishi-dishi. Idan aka cire yanar aka bar wannan, gani zai washe, amma ba zai yi kaifi ba sai da tabarau.

Ita kanta cire yana da tsaga ake yin ta. A hanyar da likitan ido Charles Kelman ya ƙirƙiro a Amurka a 1967, ana farfasa yanar a zuƙe ta, kuma a yau ƙofar ba ta wuce milimita 2 zuwa 3, ta nan ake saka madubin roba. Kowace tsaga a koniya tana sa layin da aka yi ta ya ɗan kwanta, don haka likita mai lura yakan buɗe ƙofar a layin da ya fi doro.

Tsagun da aka faɗa miki ƙari ne a kan wannan dabara. Ana yin ɗaya ko biyu masu siffar baka a bakin koniya, kusa da inda ta haɗu da farin ido, da wuƙar lu'ulu'u mai ma'aunin zurfi ko da hasken lesa. Zurfinsu yakan kai kimanin milimita 0.6, ba sa huda ido har ciki, kuma suna nesa da tsakiyar da ake gani ta cikinta. Haɗarinsu kaɗan ne a hannun ƙwararre, ko da yake Mama za ta iya jin ƙaiƙayi da bushewar ido na wasu makonni saboda ƙananan jijiyoyin da aka yanke.

Rauninsu a wajen daidaito yake. Sakamakon ya dogara da yadda nama ya warke, kuma jikin kowa da irin warkewarsa, har tsaga iri ɗaya takan fi tasiri a idon dattijo fiye da na matashi, wani lokaci ma gyaran yakan ragu bayan watanni. A ganina sun dace da ƙaramin astigmatizim, wanda bai wuce dayofta (ma'aunin ƙarfin madubi) 1 zuwa 1.5 ba. Idan na Mama ya haura haka, ku tambayi likita batun madubin torik, wanda gyaran ke cikin jikinsa, sai dai shi ma yana da sharaɗi: idan ya juya daga inda aka ajiye shi da digiri 30, amfaninsa ya tafi gaba ɗaya.

Batun tabarau kuwa, ganin nesa zai iya wadatar da ita ba tare da shi ba, amma idan madubin nesa aka saka mata, wanda shi aka fi sakawa, za ta buƙaci na karatu. Ana auna mata shi bayan makonni 4 zuwa 6, lokacin da idon ya daidaita.