Katin sauti ake fara zaɓa, sannan Linux ta biyo baya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi wace Linux za ka ɗora wa kwamfutarka da kuma wane katin sauti, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, za ka saya domin haɗa kiɗa da naɗar murya. Na daɗe ina wannan aiki a kan Linux, kuma shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka har sai ka tantance katin, domin shi ne zai iya ɗaure ka, ita kuwa Linux ko gobe ka ga dama sai ka sauya ta.

Yawancin kamfanoni suna rubuta direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, don Windows da Mac ne kaɗai, saboda haka abin da za ka nema shi ne katin da ya bi ƙa'idar USB ta gama-gari, wanda ALSA, wato sashen Linux mai kula da sauti, ke ganewa da zarar an jona shi. Alama mai sauƙi ita ce idan katin yana aiki da iPad ba tare da an saka masa komai ba, to galibi zai yi aiki a nan. Behringer UMC202HD da Focusrite Scarlett 2i2 duka suna cikin wannan sahu, kuma suna ba da wutar 48V da makirufon situdiyo ke buƙata. Apollo na Universal Audio kuwa, duk da kyansa, ka bar shi, domin ya dogara ne da manhajar da babu ita a Linux. Ni kaina na taɓa sayen wani kati na hannu saboda arha, na kwashe mako biyu ina fama kwamfutar ba ta ko gan shi ba, ƙarshe na sayar da shi da asara.

Game da tsarin, ka fara da Ubuntu Studio, wadda ake fitarwa tun 2007, ka ɗauki 24.04 mai dogon tallafi. Ta zo da Ardour da Audacity na naɗa da tace sauti, da Hydrogen ta haɗa kiɗan ganga, kuma PipeWire ce ke tafiyar da sauti a cikinta, wadda ta rage wahalar da muka sha a baya wajen daidaita JACK da PulseAudio, manhajojin da ke wannan aiki kafin ita. AV Linux ma tana da kyau, amma masu amfani da Ubuntu sun fi yawa, don haka ka fi saurin samun mai taimaka maka idan ka maƙale.

Abin da zai fi ba ka aiki shi ne jinkiri tsakanin murya da abin da mawaƙi ke ji a kunne. A kan 48,000, wato yawan samfurin sauti da ake ɗauka a daƙiƙa ɗaya, idan ka sa bafa, wato yawan samfurin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, a 128, kowane zagaye bai kai milisakan 3 ba, kuma haka nake naɗa. Idan sauti ya fara tsinkewa yana ƙas-ƙas, kwamfutar ce ta kasa, sai ka ɗaga zuwa 256. Lokacin tace waƙa kuwa ka kai shi 1024, tunda babu mai rerawa a lokacin.

Akwai gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: FL Studio ta haɗa kiɗa da Auto-Tune ta gyara murya, waɗanda situdiyoyinmu suka saba da su, ba a yi su don Linux ba. LMMS ta yi kama da FL, x42 Autotune tana gyara murya, yabridge kuma tana buɗe wasu VST na Windows, wato ƙananan manhajojin sauti da ake jonawa a babbar manhaja, ta hanyar Wine mai tafiyar da manhajojin Windows a Linux, sai dai waɗanda aka kulle da makullin lasisi na iLok sukan ba da wahala. Reaper, wata manhajar naɗa da haɗa kiɗa, tana da ta Linux, amma ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce da kowa zai iya duba cikinta ya gyara.

Kafin ka goge Windows, ka ɗora Ubuntu Studio a filashi, ka tayar da kwamfutar daga gare shi, ka ari irin katin da kake so wajen abokin sana'a ka naɗi murya ta minti goma. Ka gwada caja tana jone sannan a cire, musamman idan da janareta kake aiki, domin sau da yawa gurnanin da ake ɗora wa kati laifinsa daga cajar yake fitowa.