Lasifika ko amfilifaya, wanne za a fara canzawa?

Malam, ka ce kana da amfilifaya mai wat 50 a kowane ɓangare da tsofaffin lasifika biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa lantarki), kana kunna waƙa daga waya ta Bluetooth, a falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 wanda aka shimfiɗa wa tayil. Sautin a cushe yake, muryar mai waƙa ba ta fita tas, kuɗin hannunka kuma abu ɗaya kaɗai za su iya saya. To, lasifika za ka fara canzawa. Amma kada ka nufi kasuwa tukuna, akwai gwaje-gwajen da ba za su ci maka ko kwabo ba.

Dalilin da ya sa lasifika ke gaba shi ne, a nan ne lantarki ke komawa motsi, kuma a nan sauti ya fi lalacewa. Amfilifaya mai lafiya, muddin ba a matsa mata fiye da ƙarfinta ba, gurɓatar da take yi wa sauti ba ta cika kai kashi 0.1 cikin 100 ba. Lasifika kuwa takan wuce kashi 1, musamman a wajen bes, wato sauti mai kauri. Saboda haka in ka haɗa sabuwar amfilifaya da lasifikar da ta gaji, abin da kake ji yau shi za ka ci gaba da ji.

Fara duba wayoyin baya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka ɓangarorin biyu. In aka juya na ɓangare ɗaya, takardar wannan lasifika, wato faifan da ke motsi yana fitar da sauti, na turowa gaba, ta waccan na ja baya, sai bes ɗin ya cinye juna, muryar mai waƙa ta rasa wurin zama. In alamar ta goge, cire wayar daga amfilifaya ka taɓa ta da batir ɗin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan: in takardar ta turo waje, wayar da ke kan ƙaramin kan batir ɗin ita ce ja.

Sai wurin ajiya, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Lasifikar da aka cusa a kusurwa ko cikin kabad tana kumbura bes har ya danne komai. Janye su daga bango kamar santimita 40 zuwa 60, ka bar wajen mita 2 tsakaninsu, kujerarka ita ma ta kasance mita 2 zuwa 2.5 daga kowacce. Tiwita, wato ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, ta zo daidai kunnenka in kana zaune, ka ɗan karkato su suna kallonka. Tayil da bangon siminti da gilashin taga duk suna maido da sauti. Tsaya a tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya, in ka ji amsa-kuwwa, shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da lasifikar, ka sa labule mai nauyi. Falo da yawa wannan kaɗai ke gyara su.

Ka kuma gwada haɗa wayar salularka da kebul maimakon Bluetooth, da waƙa mai 320 kbps, wato wadda ba a matse fayil ɗinta sosai ba. Waƙar da aka matse ta koma 128 ko ƙasa da haka, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, babu na'urar da za ta dawo mata da abin da ta rasa.

In ka yi duk wannan sautin bai washe ba, sai kasuwa. Kada ka kula da girman akwati ko lambar PMPO da ake mannawa da manyan baƙaƙe, wat 3000 da makamantansu, talla ce kawai. RMS, wato wat ɗin gaskiya da lasifikar ke iya ɗauka ba tsayawa, shi ne abin dubawa. Akwai kuma lambar da masu saye ba sa tambaya, alhali ta fi wat muhimmanci: desibel (ma'aunin ƙarar sauti) nawa lasifikar ke bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. Kowane ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Ma'ana, lasifika mai desibel 89 a kan wat 50 ɗinka za ta yi ƙarar da mai 86 ba za ta yi ba sai da wat 100. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka kuwa, sai an ninka wat kusan sau goma. Ka ga ke nan tashi daga wat 50 zuwa 80 asarar kuɗi ce. Don falo irin naka, nemi mai om 6 ko 8, desibel 88 zuwa sama, da ufa, wato babbar da ke fitar da bes, mai inci 6.5 ko 8.

In ta hannu za ka saya, a Sabon Gari ko wani wuri, cire ragar gaban ka duba soson da ya kewaye takardar. Zafi da shekaru suna ruɓar da shi, yana marmashewa in an taɓa. Danna takardar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta, in ka ji tana gogar wani abu, koyil, wato naɗin wayar da ke bayan takardar, ya ƙone ko ya karkace. Kara kunne a kan kowace tiwita, don sau da yawa ɗaya ta mutu mai kaya bai faɗa ba. Mitar masu gyara za ta nuna wajen om 6 a lasifika mai om 8, wannan daidai ne, ba matsala ba ce. Ka tafi da waƙar da kunnenka ya saba da ita, kada ka yarda da wadda mai shago ya zaɓa.

Yaushe amfilifaya ke shiga gaba? In sauti na fashewa da zarar ka ƙara murya, ko tana zafi har ta kashe kanta. Fashewar nan ita ke ƙona tiwita, shi ya sa ƙaramar amfilifaya da ake takura wa ta fi babba kashe lasifika. Amma ka tabbata ba lasifika huɗu aka jona mata ba: biyu masu om 8 da aka jona a ɓangare ɗaya sun koma om 4, biyu masu 4 sun koma 2, wanda yawancin na gida ba sa ɗauka. Ƙarar ƙaras-ƙaras in ana murɗa maɓalli kuwa yawanci ƙurar hunturu ce, mai gyara zai fesa mata maganin wanke maɓalli ta washe.

Kebul mai tsada bar shi. Jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 mm² ya isa in bai wuce mita 5 ba, in ya fi haka ka sa 2.5. Kankare bakinsa da wuƙa, in cikinsa fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Ka ware ɗan wani abu don sitabilaiza, saboda wutar NEPA da janareta. In kuma wata rana ka zo sayen amfilifaya ta hannu, karanta bayanta kafin a jona: ta Amurka bolt 120 take ci, ta Japan 100, wutarmu kuwa 230 ce, dole sai da tiransifoma mai rage wuta.