Baƙin taya a jikin jirgin ruwa: yaya ake goge shi ba tare da an ci fenti ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin fiba mai inji da nake jigilar fasinja da shi a Yawuri. Bara na sa aka fesa masa fenti fari da shuɗi, amma yanzu gefensa duk baƙin zane ne saboda gogar tayoyin da ke rataye a kwata da jikin wasu jirage. Yarona ya gwada goge wani wuri da omo da soson ƙarfe, baƙin ya fita amma wurin ya dushe. Me ya kamata mu yi wa sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai a karɓe soson nan daga hannun yaro. Akasarin baƙin da kake gani bai taɓa fentinka ba, robar taya ce ta goge ta manne a kansa, kamar yadda takalmi ke barin baƙi a kan tayil. Abin da ke zaune a saman fenti narkar da shi ake yi a share. Soson ƙarfe kuwa ya kankare baƙin ne tare da fatar fentin mai sheƙi, shi ya sa wurin ya dushe. Ga kuma ɓurɓushin ƙarfen da yake bari, wanda ke yin tsatsa ya ɗiga ja a kan farin.

Kafin ka shafa komai, ka bi zanen da farcenka. In farcen ya wuce sumul, abin a sama yake, aikinsa mai sauƙi ne. In ya maƙale a rami, fentin ne ya yanke, kuma babu man gogewar da zai cike rami. Wannan na mai fenti ne, ya cike ya taɓa masa kala. Kada a yi masa jinkiri in har ana hango zaren fiba a ciki, domin ruwa na bin zaren ya shige. Haka ma a jirgin katako ko na ƙarfe, ruɓa da tsatsa daga irin wannan yankan suke farawa.

Sai wanki. Ruwa mai yawa, sabulun wankin mota, da soso mai laushi. Ka fara kwara ruwa tukuna kafin hannu ya taɓa jikin jirgin, saboda yashin kogi da ƙurar hunturu da ke kwance a kai su ne ke zama samfefa a ƙarƙashin tsumma. Omo ba ya cikin wannan aiki: yana wanke kakin da ke kare fenti, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna kwarzane. A yi aikin da safe ko a inuwa, lokacin da jikin jirgin bai ɗau zafi ba.

Baƙin da ya ƙi wanki, kananzir ne maganinsa. Ka ɗiga kaɗan a farin tsumman auduga, ka ɗora a kan zanen na ɗan lokaci, sannan ka share a hankali kana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta. Da baƙin ya fita sai ka bi wurin da sabulu nan take. Amma ka fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa, kamar bayan jirgi kusa da inji. Kuma a jawo jirgin kan tudu, kada kananzir ya zuba a ruwan da mutane ke sha suke kamun kifi.

Fetur da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) da asiton (ruwan da mata ke goge jan farce da shi), ka nisanta su da jirginka. Na san masu fentin mota da yawa hannunsu ya fi saurin kaiwa ga tina, kuma gaskiya tana cire baƙi cikin ƙiftawar ido. Matsalar ita ce fentin mai na gwangwani ɗaya narkewa yake yi da ita. Fentin da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa kafin a fesa ya fi juriya, amma tunda ba ka faɗi irin naka ba, ka ɗauka mai rauni ne har sai wanda ya fesa ya tabbatar maka. Farin soson nan da ake tallansa da sunan soson sihiri shi ma ci yake yi, a hankali dai, kuma a kan shuɗi za ka ga dushewar da ya bari.

In an share robar amma akwai sauran inuwar zane, sai a koma ga folish na mota mai laushi, da hannu. Nan ne ake buƙatar haƙuri, saboda bambancin fenti da jelkot. Jelkot shi ne fatar da jirgin fiba ke fitowa da ita daga masana'anta, kaurinsa kusan rabin milimita, yana jure injin gogewa har ma da samfefar ruwa mai lamba 1500 ko 2000. Fentin da aka fesa a kansa bai kai kusa da wannan kauri ba. Duk shawarar da ka ji ta goge jirgin fiba da inji, ta jelkot ce, naka kuwa yanzu fenti ne a sama. Ka goga faɗin tafin hannu, ka share, ka duba. Ganin ɗan launi a tsumma alama ce cewa fenti kake ragewa, don haka da zarar zanen ya ɓace ka tsaya. A kusurwoyi da bakin jirgi fentin ya fi siranta, can ne ake saurin fasa shi. Akwai ma fentin jirage masu tsada irin Awlgrip da kamfaninsu ya hana a goge su da man gogewa mai ci, domin sheƙinsu a wata siririyar fata yake ta sama.

Wurin da yaro ya dusar, ka gwada masa folish ɗin. In karcen sama-sama ne zai farfaɗo, in ya yi zurfi sai an sake fesawa. Bayan an gama a shafa kakin mota a dukkan gefen, domin roba ba ta kama fenti mai kaki sosai. Ƙasan jirgi da ke cikin ruwa ba a yi masa folish ko kaki in an shafa masa fentin hana gansakuka, akwai irinsa da da ma an yi shi ne ya riƙa zaizayewa, kuma ƙurarsa guba ce.

Tayoyin kwata ba naka ba ne, ba za ka iya cire su ba. Abin da za ka iya shi ne rataya naka matashin a gefen jirgi: ƙananan tayoyi da aka ɗinke cikin buhu ko tamfol mai haske, ko fararen jarkoki marasa komai a ɗaure da igiya. Sai dai a riƙa ɗauraye su, don buhun da ya sha yashi ya fi taya ɓarna.